An hana ni yaba wa ɗaya cikin tagwayena

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya min a rai.

Babbar 'yata ce take karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a. An ba su aiki wai su gwada ko yabo yana sa yaro ƙwazo. Sai ta ce ai ga ƙannenta tagwaye, dama su ke min wanke-wanke. Ta ce ɗayar in ta gama a riƙa yi mata sannu da aiki, ɗayar kuma kar a ce mata komai, wai da ita za a gane bambanci. Ni dai na ce to, tunda karatu ne.

To Anti, wadda aka hana ni yabawar ita ce mai shiru-shirun. Yanzu tukunya sai ta goge ta tas, ta kawo gabana ta ajiye, ta tsaya tana kallon bakina. Ni kuma in kau da kai kamar ina neman wani abu. Jiya na ji tana tambayar 'yar'uwarta ko laifi ta yi min. Wallahi kasa cin abinci na yi. Yayarsu ta ce in daure, in na yi magana aikin ya lalace, makinta ya tafi. Ita ce fa ta farko a gidanmu da ta kai jami'a, ba na son a ce ni na ja mata. Babansu ma ban gaya masa ba. Ya zan yi?

Uwar tagwaye

Uwar tagwaye, babbar 'yarki ba shirme take yi ba. Haka ake bincike, a kwatanta wanda aka yi wa abu da wanda ba a yi wa ba. Amma akwai ƙa'idar da ta tsallake: duk gwajin da ya fara cutar da wanda ake yi da shi, tsayar da shi ake yi.

Kuma yara biyu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, balle ɗaya tana jin ana yabon ɗaya. Abin da ta auna zafin wariya ne, ba amfanin yabo ba. Ki ce mata ta rubuta hakan tsakani da Allah, ta kai wa malaminta ya nuna mata hanyar gyara.

Ke kuma kar ki kai gobe. Ki zaunar da yarinyar, ki faɗa mata ba ta yi laifin komai ba, yayarta ta ba ta haƙuri da bakinta. Maki ana sake nemansa, amma yaro yana daɗewa bai manta shirun uwarsa ba. Allah ya raya miki su, ya haɗa kansu.