Waƙoƙin Babana sun saura a kwamfuta, kuma na rantse zan goge

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ƙulle.

Ni mazaunin Garwa ne, ina da ɗan shagon buga takardu. Mahaifina malami ne, tun yana saurayi yake rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, da tawada da alƙalamin kara. Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, aka sa ni, Faransanci na fi iyawa, ajamin ina karantawa amma hannuna kamar kaza ta yi tono. Da na ga gara ta fara cin takardun sai na riƙa ɗauka ina bugawa a kwamfuta, ya sani, bai hana ni ba.

Matsalar ita ce akwai haruffan da namu ne na Hausa, Larabci ba shi da su, irin masu ɗigo uku ɗin nan. Babu su a madannai. Wani abokina da ke jami'ar Maruwa ya koya mini cewa kowane harafi yana da lambarsa, in ka shigar da lambar harafin ya shiga. Haka na yi, sai dai kwamfutata ba ta iya zana su, ɗan akwati take nunawa a gurbinsu. Ya ce kar in damu, harafin yana ciki, ranar da aka sami rubutun da ya san shi zai fito.

Ranar da na gama na kai wa Baba ina ta washe baki. Ya ga akwatunan ya tambaya ina haruffansa suka tafi. Ni da bakina, kaico, na hau bayani, cewa ai a cikin na'ura babu harafi ko ɗaya, lambobi ne kawai, har alif da lam. Sai fuskarsa ta sauya. Mutumin da ko guntun takarda mai baƙi ya gani a ƙasa sai ya tsugunna ya ɗauka ya ƙona! Ya ce wato sunan Allah na mayar lissafi, na zuba a abin da ake kallon rawa da shi, ake taɓawa ba alwala. Ya sa na rantse zan goge duka, har wanda na buga a takarda. Na rantse, don ban taɓa musu da shi ba. Na ce a raina ai na asali suna nan.

Kafin in goge damina ta yi ƙarfi, ruwa ya shiga ɗakin karatunsa, tawadar ta narke, takardun suka zama dunƙule. Abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Yanzu kuma idonsa ya tafi, ba zai sake rubutawa ba. Ko na buga a ɓoye in adana, akwatunan duk iri ɗaya suke fitowa, a cikin kwamfutar kaɗai aka san wane harafi ne wane.

Na roƙe shi ya sassauta, ya ce wanda ya ba shi waƙoƙin shi ya aiko ruwan. Na tura ƙaninsa, ya dawo da faɗa. Kullum na je gaishe shi sai ya ce, “Ka goge?” Ni kuma in ce ina kan hanya. Zan iya cewa na goge, ba zai gani ba, amma yaya zan yi wa makahon uba ƙarya a kan rantsuwa?

Jiya yana rera wata waƙarsa ta tuna mutuwa sai ya tsaya a tsakiya, baitin ya ɓace masa. Ya yi ta maimaita na baya. Ban san sanda na ƙarasa masa ba. Ya yi murmushi ya amsa, ya rera har ƙarshe, sannan ya ce, “A ina ka samo?” Ya gane daga kwamfutar ne. Ya ce in kawo kwamfutar ranar Juma'a, in kama yatsansa in ɗora a inda ake gogewa.

Jama'a, malamai na cikinku musamman, in kama yatsan nan in ɗora a ina?