Baturin Baba a Cikin Safata

Sjenica, 27 ga Disamba

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan? Mama da Kaka suna gaishe ka. Wasiƙa na rubuto don ka san a waya bakina ɗaurewa yake yi.

Kawu Ramiz ya ba ni saƙonka. Tunda ba a ba ka hutu a Jamus ba, ni zan tayar da Jan Shaho ranar ɗaya ga Janairu. Na san shekara goma sha ɗaya ɗan jirgin saman nan naka mai rimot bai taɓa fashin tashin sabuwar shekara ba, kuma duk wanda ya yi fashi, goge sunansa ake yi daga allon ƙungiyarku ta masu tayar da ƙananan jirage. Ba zan bari a goge naka ba. Na haddace maganarka: baturi in ya sha sanyi, a sama yake mutuwa.

Tsoho Hazbo, shugabanku, har yanzu Bebiya yake kirana. Ba na tanka masa.

'Yarka,
Semra

9 ga Janairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ranar an yi sanyin da gashin hanci ke daskarewa. A filin tashi kowa ya cusa baturinsa a aljihun ciki, jikin ƙirji. Rigata ba ta da aljihun ciki. Na ji kunyar in roƙi wani ya riƙe mini, sai na cire safar hannun da Kaka ta saƙa mini, na sa baturin a ɗaya, na rufa da ɗayar. Ni ce ta ƙarshe a layi, na fi awa ɗaya ina jira.

Da farko yatsuna sun yi zafi, daga baya suka daina, na ɗauka sun saba ne. Hazbo ya gan ni, ya ce, "Kai, ku dubi Bebiya, ta fi mu jarumta! Ramiz, sa safarka a aljihu, kar yarinya ta ba ka kunya." Aka yi dariya. Bayan wannan ta yaya zan ce hannuna ya mutu?

Shaho ya tashi lafiya, baturin da ƙarfinsa. Amma da na zo juya shi, na kalli babban yatsana a kan sandar rimot, ina cewa ya matsa, ya ƙi. Ina gani jirgin ya karkata ya daki shingen makiyaya. Fiffiken dama ya rabu biyu.

Duk suka ruga wajen jirgin. Sai da suka dawo Kawu ya ga yatsuna sun yi fari kamar kyandir. Ya ɗebo ƙanƙara ya yi ta murza mini, wai haka ake yi tun kakanni. Likita ta yi masa faɗa sosai, ta ce murzawar ta ƙara ɓata su, ruwan ɗumi ya kamata. Ta ce na hagu ba matsala, a dama uku za su warke. Biyu sai mun jira.

Sunanka yana nan a allo. Hazbo ya ce tashi aka ce, ba sauka ba.

'Yarka,
Semra

2 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa. Mama da Kaka lafiya.

Takardarka ta iso. Na karanta sau huɗu, ko akwai layin da na tsallake. Ka tambayi fiffike. Ka tambayi farfela. Ka ce kar Kawu ya taɓa gyaran sai ka zo, don bai iya gam ba. Ka yi murnar allo. A can ƙasa ka ce in gaida hannu, in riƙa lura.

Ranar Talata aka yanke kan ƙaramin yatsana na dama. Na kusa da shi ya tsira, sai dai ba na jin komai da shi. Ban yi kuka a gabansu ba. Hazbo ya kawo alewa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya kasa cewa komai. Na so in tambaye shi waye bebe yanzu, ban iya ba.

Sau biyu ka tambayi baturi, har ka ja layi a ƙarƙashi. Lafiyarsa lau, Baba. Kawu ya auna, ko kaɗan sanyi bai taɓa shi ba. Yana kan kabad ɗinka, cikin safata. Kaka ta ce in ɗauko safar ta ɗinke wurin yatsan da ya yi mini yawa, na ce ta bar wa baturin.

Ka huta lafiya.

Semra