Man da Ka Ce Za Ka Aiko wa Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Mu nan Gumel lafiya lau, sai gwiwar Baba da ta hana shi sujada, har yanzu a kan kujera yake salla.

Saƙonka na murya ya iso, inda ka ce tun lokacin korona aka sassauta doka a can, likita yana rubuta man wiwi ta waya, a kai wa mara lafiya har gida. Ka manta Baba ba ya jin saƙo shi kaɗai. A ƙofar gida ya kunna, cikin abokan hirarsa, har da liman. Kafin la'asar magana ta kai Maigatari, wai ka zama dillalin wiwi a Turai.

Kada ka aiko. Dokarmu tana nan yadda ka bar ta, wanda ya karɓo kama shi za a yi.

A gaban jama'a Baba ya ce gara ciwon. Da suka watse ya kira ni, ya rage murya ya ce, "Da gaske wanda ya shafa yana iya kai goshinsa ƙasa?"

Ka sa shi a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka.