Gobe Iska Za Ta Juya, Baba

Zuwa ga mahaifina, Sarkin Bakan garinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwar girmamawa daga 'yarka, da surukinka Habibu, da jikarka Amira. A durƙushe nake gaishe ka kamar yadda na saba, sai dai yau ban san inda zan fuskanta ba. Ina roƙon Allah Ya sa inda kake akwai rufi a kanka, kuma wani ɗan halak ya ba ka ruwa ka sha.

Yau Alhamis. Tun safiyar Talata ka fita daga gidanmu na Croydon a kudancin Landan, ka kwana biyu ke nan a waje. Na san ba ka karanta boko, waya ma cewa kake yi tana korar nama, don haka ba ka riƙe ta. Duk da haka kai nake rubuta wa. Zan saka takardar inda Hausawan Landan za su gani, ko Allah zai sa wani ya haɗu da kai. Ka fita da doguwar riga ruwan toka, da baƙar rigar sanyin Habibu wadda hannunta ya yi maka tsawo, da hularka mai rufe kunnuwa. Ba ka sha maganin safe ba, yana nan a kan tebur inda na ajiye.

Ni na kawo ka ƙasar nan, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Bayan rasuwar Inna mantuwa ta fara kama ka. Ranar da ka saɓa bindiga ka nufi dajin da yanzu 'yan bindiga ke kwana a ciki, sai da Baffa Audu, ƙanenka, ya tara samari suka dawo da kai. A ranar na ce sai ka zo wajen likitocin nan. Ka ƙi, na matsa, na yi kuka a waya, na haɗa ka da duk wanda kake jin kunyarsa. Ƙarshe ka ce, "Uwata, tunda kin ce, to. Amma ki sani ba ƙaura na yi ba, ɗauke ni aka yi." Sunan mahaifiyarka aka sa mini, ba ka taɓa kiran sunana ba sai Uwata. A 'yan watannin nan kuma wani lokaci da gaske kake ɗauka ita ce ni.

Wata bakwai kana gidan nan, ba ranar da ba ka tambayi bindigarka ba. Ko Audu ya shafa mata mai? Ko ya rataye ta inda laima ba za ta kai ba? Sunan unguwarmu ba ka riƙe ba, amma kana tuna yawan albarushin da ɓauna ke buƙata da wanda ya ishi gwanki.

Kuma, Baba, ba abin da ya burge ka a Landan, ko guda. Naman kanti ka kira shi naman da bai taɓa gudu ba. Karnukan da ake sa wa riga, ka ce da karen farautarka ya ga haka da ya bar gari don kunya. Da Habibu ya nuna maka wata dabba a bayan gida tana tona shara ya ce dila ne, sai ka kalle shi kallon tausayi ka ce, "Ɗan birni ke nan. Yanyawa ce ta samu tuwo." Muka kai ka babban filin nan da bareyi ke kiwo a gaban mutane, ina ta murna na samo abin da zai faranta maka rai. Ka tsaya ka daɗe kana kallonsu, sannan ka juya baya. Ka ce a mai da kai gida, ba ka son ganin naman daji da aka cire wa tsoro, wulaƙanci ne.

Abu ɗaya ke zaunar da kai, bidiyon masu farautar manyan namun daji da Habibu ke kunna maka. Shi ma don ka yi faɗa kake kallo. In ka ga mutum ya harbi ɓauna daga nesa da bindiga mai madubi, ya zo ya ɗora mata ƙafa ana ɗaukar hoto, sai ka buga sanda a ƙasa. "Wannan yanka ne, ba farauta ba. Ya ji warinta? Ta gan shi? To da me zai yi kirari?" Daga nan sai dokokinka su biyo. Ba a harbin mai ciki. Ba a harbin nama yana shan ruwa, don ruwa na kowa ne. Wanda ya ji wa ɓauna rauni ba shi da gida sai ya ƙarasa ta. Amira ba ta gane rabin abin da kake faɗa ba, da Turanci take mayar maka, kai kuma ka ce amaryarka ce mai baƙin yare, ka miƙa mata dabino.

Dokar ƙarshen nan ita ta ba ka ɗingishi. Na ji labarin ya fi sau ɗari, yanzu kuma zan ba da komai in sake ji. Wani maharbi ne ya harbi ɓauna ya gudu ya bar ta, kai ka bi jininta yini guda. Ta zagaya ta ɓuya a cikin gamba, ta bari ka wuce, ta ɗauke ka da ƙaho ta cinyar hagu. Ba ka taɓa zaginta ba. Kullum cewa kake yi ita kaɗai ce a daji mai tunani irin na mutum. Tun daga ranar ƙafarka ta hagu take jan ƙasa kaɗan.

Ina shekara tara ka fara kai ni bakin fadama, Inna na faɗa wai za ka mai da 'ya mace maharbi. Ba ka ba ni baka ko bindiga ba, sawu ka koya mini da iska. Kana da 'yar jakar fata cike da toka a wuyanka. Kafin ka ɗaga ƙafa sai ka ɗebi toka da yatsu biyu, ka saki, ka ga inda ta nufa, ka bi ɗaya ɓangaren. "Naman daji da hanci yake gani," ka ce. "Ki sa iska a goshinki. Ranar da kika ba ta ƙeya, ranar kin yi wa daji sallama da kanki." Ban taɓa ganin ka shiga daji ba ka yi haka ba.

A nan babu toka, da gas muke girki. Sai ka koma ɗibar fulawata. In sami fari-fari a bakin taga, a kan dakalin ƙofa, a aljihun rigarka in zan yi wanki. Na yi maka faɗa, Baba. Ni da bakina, a gaban jikarka, na ce ka daina ɓata mini gida, nan ba daji ba ne. Ba ka yi fushi ba. Ka ce kawai kana son ka gane halin iskar garin nan, don maƙaryaciya ce, gine-gine na juya ta, tana cewa gabas alhali daga yamma take. Na ɗauke gwangwanin fulawar na kai saman kabad. Ashe kujera kake takawa.

Ranar Talata mun makara. Habibu ya tafi aiki da wuri, Amira ta rasa takalminta ƙafa ɗaya, na fita da gudu in kai ta makaranta na manta makulli a jikin ƙofa. Kullum cirewa nake yi, ranar kaɗai na bari. Da na dawo sai na ga fulawa a kan dakali, ta yi wani dogon zane zuwa gefe guda. Na ja tsaki. Na ɗauko tsintsiya na share tas, ina mita, ina cewa tsohon nan ba zai ji magana ba. Na shiga na ɗora shayi, na soya ƙwai, na jera a tire. Sai da na tura ƙofar ɗakinka na ga sallayarka a shimfiɗe, sandarka ba ta nan.

'Yan sanda sun zo da wuri, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Wata mace a cikinsu ta zauna da ni ta tambaye ni inda kake son zuwa. Na ce masallaci. Na ce shagon da muke sayo maka kilishi a Old Kent Road. Da bakina na tura su arewa, suka bi motocin bas da tashoshin jirgin ƙasa, Habibu da abokansa suka bi shago-shago da hotonka. Yini biyu ana nemanka a inda ɗan birni zai je.

Jiya da la'asar na ɗauki tsintsiyar nan zan gyara mata wuri, sai na ga fulawa a bakinta. Nan na zauna a ƙasan kicin. Ba ɓarna ka yi ba, iska ka gwada. Ka bar mini alamar inda ka nufa a ƙofar gidana, alamar da duk Landan ni kaɗai zan iya karantawa, na sa tsintsiya na share. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ga 'yarka nan, ko rarrafen ban yi ba.

Habibu ya duba waya, ya ce da safiyar Talata daga kudu maso yamma iska take busowa. Na gaya wa 'yar sandan. Ta kalle ni kamar mai tausayin wadda tashin hankali ya taɓa, amma ta rubuta, kuma yau da safe suka fita da karnuka wajen dazuzzukan da ke can. Na bi su. A bakin wani ɗan kurmi, cikin taɓo, na ga sawunka. Ƙafar dama ta zauna daram, ta hagu ta ja ƙasa, ga ramin sanda a gefe. Kusa da shi kuma ga kofaton barewa, irin masu tsoron nan da kake so. Na durƙusa na ɗora tafina a kan sawunka, na yi kukan da ban yi ba ranar da Inna ta rasu.

Na bi shi taku arba'in da wani abu. Sai kurmin ya ƙare, titi ya fara. Kwalta ba ta riƙe sawu, Baba, wannan ba ka koya mini ba. Karnukan ma suka yi ta zagaye, ruwan da aka yi ya wanke wari. Na tsaya a bakin titi motoci na wucewa, hanya ta rabu uku, ban san wadda zan bi ba. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce kamar a wurin nan.

Tsoro nake ji, zan faɗa maka gaskiya. Sanyi ya fara shigowa. Ba ka jin Turanci, ba ka san sunan titinmu ba, ba ka roƙon abinci ko da yunwa za ta kashe ka. Ina tsoron kana can ƙarƙashin wata bishiya ka lafe kana jiran nama, masu nemanka na wucewa, kai kuma ka ƙi motsi don kada ka kori abin da kake dako. In maharbi irinka ya so ɓuya, wa zai gan shi?

Shi ya sa na roƙi masu karanta takardar nan, in sun gan ka, kada su zo maka ta baya, kada su kama hannunka, kada su ɗaga murya. Su tare ka ta gaba, su yi sallama a hankali, su ce, Sarkin Baka, ina naman ya nufa? Na san za ka tsaya. Ba ka taɓa wuce wanda ya tambaye ka labarin daji ba.

Saura abu ɗaya da ka koya mini. Ka ce wanda ya ɓata a daji ba a ƙwala masa kira, murya yawo take yi, sai ta ƙara ruɗa shi. Mutanen sansani su hura wuta ta inda iska ke fitowa, su zuba ɗanyen ganye, su zauna. "Hayaƙi ba ya ƙarya," ka ce, "hanci zai kawo shi." Kwana biyun nan iska ba ta ba ni dama ba, duk abin da na ƙona bayanka zai bi, ya ƙara nisa da kai.

Amma masu hasashen yanayi sun ce gobe Juma'a da hantsi za ta juya, ta taso daga arewa maso gabas. Wato daga wajen gidanmu za ta nufo ka. Habibu ya samo itace, na tsinko ganye cike da buhu biyu. Na je na gaya wa tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ko warin suya ba ta so, ta riƙe hannuna ta ce in ƙona duk abin da zan ƙona. Na san garin nan ya fi ƙarfin hayaƙin ɗan tsakar gida ɗaya. Na san kai da kanka ka ce iskarsa maƙaryaciya ce. Ba ni da wata dabara bayan wannan.

Ka manta shekarata, ka manta Inna ta rasu, wani lokaci ka manta ko ni wace ce. Amma ba ka taɓa mance iska ba. In da sauran fulawa a aljihunka, gobe ka ɗeba ka saki, ka sa iskar a goshinka kamar kullum, ka taho. Ba sai ka tuna hanya ba. Dokarka kawai za ka bi.

Ya Allah, Kai ne Mai juya iskoki, Kai Ka san inda kowace dabba ta kwana. Ka san inda bawanka yake. Ka rufa masa asiri, Ka ɗumama jikinsa, Ka tsare shi daga mota da ruwa da mugun mutum. Ka yafe mini faɗan da na yi masa. Ka juyo mini da fuskarsa gida. Amin.

Na sauko da gwangwanin fulawar, Baba. Yana kan dakali, a buɗe.

'Yarka,
wadda kake kira Uwata.