Na Ɗauko wa Baban Khairiya Ƙwallonsa

Inna Sayyada, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat. Ni mahauci ne a kasuwar Sokodé, ina neman auren wata 'yar Dapaong mai suna Khairiya. Babanta tsohon ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, a Lome ya koyo wasan golf. Da ya yi ritaya sai ya share gefen gonarsa a hanyar Bombouaka ya haƙa ramuka, can suke wasa da amininsa Alhaji Fousséni.

Na je gaishe shi, aka ce yana gona. Na iske ya ɗaga sanda, na durƙusa na shiga jero gaisuwa, bai amsa ba sai da ya buga. Ƙwallon ta tashi ta faɗa can nesa, dab da rami. Inna, dattijo ne mai ciwon gwiwa, yaya zan tsaya ina kallo ya taka har can? Na ruga na ɗauko ta, na goge da rigata, na miƙa masa da hannu biyu. Alhaji Fousséni ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Baba kuwa ya daɗe yana kallona. Daga baya Khairiya ta gaya mini bai taɓa bugu mai kyau irin wannan ba.

Yanzu ya aiko in zo gonar ranar Lahadi. Wallahi tsoro nake ji kada can ne zai sallame ni, ga shi ina son yarinyar nan. In je?

Mahauci, Sokodé

Ɗana, na yi dariya, amma ban ga mugun yaro a wasiƙarka ba. Tarbiyyar gidanku ce ta sa ka ruga ka ɗauko. Sai dai shi ma a duba masa: ka ɗauke masa abin da ya daɗe yana nema, kuma a gaban amininsa.

Ka riƙe wannan. A golf, inda ƙwallo ta tsaya nan ake buga ta, mai ita kaɗai ke taɓa ta. Wanda ya kai rami da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Adadin bugun da aka ƙayyade wa kowane rami shi ake kira par, ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko kuma shi ne ti. Idan mutum ya ɗaga sanda a yi shiru, gaisuwa ta jira. Ka tsaya daga gefe, kada ka taka tsakanin ƙwallonsa da rami. Jakar sanduna kuwa, ɗauki abinka.

Ka je. Ka ba shi haƙuri sau ɗaya, ka roƙe shi ya koya maka. Dattijon da ya gama da kai ba zai kira ka gonarsa ba. Ina jin so yake ya ga ko wanda zai ba 'yarsa yana jin gyara. In ƙwallo ta tashi ranar Lahadi, ka zuba hannuwanka a aljihu ka bar shi ya taka da gwiwarsa, ladabin wurin ke nan. Allah ya sa mu sha biki.