Wayar da Aka Ɗaura wa Juniper

Kalifoniya, Afrilu 1916

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Albishirinka, masu majigi sun ɗauke ni aiki! Labarin wani soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa ya tarar an ƙwace masa gona. Ni nake hawan doki a madadin jarumin, shi ko jaki ba zai iya hawa ba. Goɗiyarka Juniper suka zaɓa, har ta fi ni cin abinci mai kyau.

Ɗanka,
Lyman

Kansas, Mayu 1916

Lyman,

Na ga takardarka, ina amsawa. Yaƙin da na baro ɗan'uwana a cikinsa shi ne yau abin kallo, to madalla. Aron Juniper na ba ka, ba kyauta ba. Uwarka ce ta raine ta da madara a kwalba, ita kaɗai ta rage mini daga hannunta. Ka dawo da ita kafin girbin alkama.

Mahaifinka,
Ezra Pruitt

Kalifoniya, Agusta 1916

Baba,

Barka da aiki. An gama ɗauka. Juniper lafiya lau, tana hutawa a garken wani abokina. In majigin ya zo garinmu kada ka wahalar da kanka, shirme ne.

Ɗanka,
Lyman

Kansas, Nuwamba 1916

Lyman,

Ina gaisuwa. Na je na ga shirmen. Na ga Juniper a guje, aka yi kamar an harbe ta, ta kifa da ka. Mutane suka yi ta tafi.

Shekara uku na yi a yaƙi ina ganin dawakai na faɗuwa da harsashi, ba haka suke faɗuwa ba. Maƙwabcinmu Orval ya ce wayar ƙarfe ake ɗaura wa ƙafafun gaba, a kafe ɗaya bakinta a ƙasa, a sake doki da gudu har wayar ta ƙare. Mahayi ya san inda zai dire. Dokin ne bai sani ba. Na koma kallon majigin sau biyu don in ga ko ta tashi. Wuyanta ya karye, ko makaho ya gani.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Lyman. Juniper ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafarta sai ni da kai. Wa ya ɗaura?

Ezra Pruitt

Kalifoniya, Disamba 1916

Baba,

Ina gaishe ka. Ni na ɗaura. Da kanta ta ɗaga mini ƙafar.

Ga linzaminta na aiko. Ka gafarce ni, in za ka iya.

Lyman