Kwalaben Layin Ƙasa

Kagoro, 9 ga Disamba, 2023

Yaya Kumai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya gwiwar taka da sanyin nan? Ina fata Anti Emilia da yara suna nan ƙalau. Mu nan sai godiya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na so in kira ka, amma ka san kunnenka. In na kira sai na ɗaga murya har masu wanki a bakin rafi sun ji, maganar nan kuwa ba ta kowa ba ce. Shi ya sa na ba Yafet direba, na ce masa hannu da hannu.

Wata huɗu ke nan da na ajiye aikin asibiti na dawo gidan marigayi Baba, amma har yau ƙafata ba ta taka ɗakin nan na ƙarƙashin dutse ba, inda ya kwantar da giyarsa. Na san za ka ce ruwan inabi, haka shi ma yake gyara mini. Ni dai tun da na yi aure na koma cocin marigayi maigidana, duk abin da ke bugarwa giya nake ce masa, kuma shekara talatin bai taɓa leɓena ba. Amma rashin sha bai cire ni daga cikin 'ya'yan Azariya ba. Farin nan marar zaƙi da Baba ya matsa kafin ya kwanta ciwo, wanda ya ce kada a sayar sai Ista ta bakwai, namu ne mu uku, kai da ni da Joanna. Ista ta bakwai ita ce wannan mai zuwa.

Mabuɗin kuwa yana wuyan Obiora, mijin Joanna. Ban ce ba shi da kirki ba. A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, kuma ya yi shekara goma sha biyu yana bin Baba cikin gonar inabi. Amma mijin ƙanwarmu ne, ba ɗan Baba ba. Duk Asabar da safe sai ya shiga da tocila ya jawo ƙofa, ya daɗe. Na tambaye shi me yake yi a ciki, ya ce dubawa kawai, Anti. Kwalba tana kwance, ba ta ci, ba ta sha, me ake duba mata duk mako?

Sai ga wata Madam Scholastica daga Abuja ranar Talata, wai tana da otal. Obiora ya fito mata da kwalba ɗaya daga na bara. Ina zaune a ƙofar kicin ina gyaran wake, idona a kansu. Ta juya kofi, ta sa hanci, ta kurɓa, ta kurkure baki, sannan ta tofar a ƙasa. Yaya, ta tofar! Sai suka dubi juna suka yi dariya, ta ce za ta dawo. Wane mai saye ne zai tofar da kaya ya kuma yi murna? Na tambayi Joanna, ta ce haka masu abin suke yi. Ita dama ko Obiora ya ce rana daga yamma take fitowa, za ta ce haka ne.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Kai ne babba, ka aiko masa ya ba ni mabuɗin.

Ki gaida, ka gani, har hannuna ya ruɗe. Ka gaida Anti Emilia.

Ƙanwarka,
Zipora

Kagoro, 8 ga Janairu, 2024

Yaya Kumai,

Barka da sabuwar shekara. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya sauƙaƙa gwiwa. Yaya mutanen gida, yaya aka ci Kirsimeti?

Na sami amsarka. Ka ce in bar Obiora da mabuɗi, in jira ka zo a Fabrairu. Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci sau biyu. Kana Sabon Tasha, ni ce nake nan ina gani.

To, ban buƙaci nasa ba. Ina share ɗakin Mama sai na tsinci wani mabuɗi cikin tsohuwar kwallarta, ƙarƙashin zannuwa. Jiya Lahadi, da su Joanna suka tafi sujadar safe, na gwada shi ya buɗe.

Sanyin ɗakin ya ba ni mamaki, har sai da na ja mayafi. Layi uku ne na katako jikin dutsen. Na sama an rubuta masa K da farin fenti, na tsakiya J, na ƙasa Z, can daf da ƙasa inda dutsen ke naso. Ko a nan ma ni aka kai ƙasa. Na ƙirga. Naka hamsin, na Joanna arba'in da huɗu, nawa hamsin cif. Ina shidan Joanna suka tafi? Wannan ɗaya.

Na biyu, ka tuna Baba yana tsoma bakin kowace kwalba cikin kakin zuma bayan ya toshe ta. Kakin da ya shekara bakwai ya kamata ya yi duhu. A layina kwalabe da yawa kakinsu sabo ne fes, har da ƙamshinsa. Wani ya taɓa su, ba da daɗewa ba.

Na ɗauki ɗaya na ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Yaya, ka ji abin da na gani. A gindinta akwai wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli, farare, masu kaifi, suna motsi in an karkata. Na duba ta biyu, haka. Ta goma, haka. Na hau layinka, tas. Na Joanna, tas. Nawa ne kaɗai.

Shekara ashirin da takwas na yi ina aikin jinya. Na cire fasasshiyar kwalba daga ƙafar yara ba adadi, na san gilashi in na gan shi. Na buɗe ɗaya, na tace da farin ƙyalle, na murza abin a yatsa. Yana da ƙarfi, yana ƙaras-ƙaras. Garin kwalba ne aka daka aka zuba, aka sake rufewa da sabon kaki.

Ka lissafa da kanka. In na ba wa Madam ɗin nan kasona wani ya sha ya kwanta, sunan wa zai ɓaci? Ko kuwa ranar Ista a matsa mini, a ce albarkacin Baba ki kurɓa ko sau ɗaya. Kai ba ka da lafiya, ba za ka dawo gona ba. In babu ni, wa ya rage a kan tudun nan? Jiya da rana Obiora ya kawo mini doya biyu, yana Anti kaza Anti kaza, na karɓa na ajiye, ban dafa ba.

Ban faɗa wa Joanna ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ka taya ni addu'a.

Taka,
Zipora

Kagoro, 15 ga Janairu, 2024

Yaya Kumai,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, Yafet yana jira da mota.

Saƙonka ya iso cewa kada in taɓa komai. Ya iso a makare, ko da ma ya zo da wuri ban ce zan bi ba. Ba zan kwana da guba mai ɗauke da harafin sunana ba. Jiya, su Joanna suna coci, na kwashe layin ƙasa a baro, sawu biyar, na kai bayan gida gindin mangwaro. Na haƙa rami na buɗe su ɗaya bayan ɗaya na tuttule. Har hannuna ya yi kanta. Ƙamshi ya cika wurin, ƙudan zuma suka taru a kaina, ban fasa ba. Na bar guda ɗaya don shaida.

Na je wurin Baba Dogara, ƙanin Baba, na faɗa masa komai. Ya kira zama ranar Asabar. A gaban kowa zan ajiye kwalbar, mu ga bakin Obiora.

Yanzu na sami barci.

Zipora

Kagoro, 22 ga Janairu, 2024

Yayana Kumai,

Ina gaishe ka da Anti Emilia da yara. Ina fata jiki da sauƙi. In ka tambayi tawa lafiyar, jikina ƙalau, sauran kuma ka karanta ka gani.

An yi zaman a tsakar gida, da hantsi, kafin Obiora ya shiga ɗakin dutsen. Baba Dogara a kujera, dattawa biyu na dangi, Joanna, Obiora. Na tashi na faɗi duk zargina, har da doyar, sai dai ban ambaci waɗanda na buɗe ba. Na ajiye kwalbar a kan tebur na ce Obiora ya faɗa wa mutane abin da ya zuba a ciki. Joanna ta sa kuka. Shi kuwa ya miƙo hannu. Ya ɗaga kwalbar a rana, ya daɗe yana kallon gindinta, sai na ga fuskarsa ta saki kamar wanda aka yi wa albishir. Na ce a raina, dubi rashin kunya.

Ya aika Joanna ta kawo kofi da ƙyalle. Ya buɗe, ya tace kaɗan, ya kwashe ƙyalƙyalin a tafin hannu ya watsa a baki. Muna ji yana taunawa. Ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna wa Baba Dogara, babu jini. Ya miƙa wa tsohon saura, shi ma ya ɗanɗana ya ce ɗan tsami-tsami, kamar tsamiya.

Sannan ya yi bayani, a hankali, bai ɗaga murya ba, wannan ma ya fi yi mini ciwo. Ya ce Baba yana kiransa gishirin inabi. Daga cikin 'ya'yan inabin yake, ba a zuba shi. In farin ya daɗe a wuri mai sanyi sosai sai ya fito ya kwanta a gindi, kuma tsohon Fada, limamin cocin da ya koya wa Baba aikin, ya ce in ka gan shi kada ka ji tsoro, ruwan ba a yi masa algus ba. Shekara bakwai yana leƙawa da tocila yana jiran ya ga wannan. Sabon kakin kuwa, kyankyasai ne ke cin na layin ƙasa saboda laima, shi ne yake narka wani ya sake tsomawa kada iska ta shiga. Kwalba shidan Joanna, Baba ne ya ce duk Ista a buɗe ɗaya a ji inda ruwan ya kai, shi kuma bai ga dalilin taɓa kason wani ba, sai ya riƙa ɗauka daga na matarsa. Tofarwar Madam ma, in ta haɗiye duk abin da ta ɗanɗana a rana ba za ta kai Abuja da mota ba.

Baba Dogara ya tambaye shi abin da ke bakina, me ya sa nawa kaɗai. Obiora ya dube ni, karo na farko tun da aka zauna. Ya ce ranar da suke jera kwalaben, shi ma ya tambayi Baba me ya sa ya kai ni ƙasa. Baba ya ce can ne wuri mafi sanyi, mafi kyau a ɗakin. Ya ce Kumai zai sayar da nasa, Joanna za ta shanye nata da baƙi, amma Zipora ba ta sha, nata ne zai fi daɗewa, don haka a ba ta wurin da zai jure. Ya ce yarinyar nan taurin kai gare ta irin nawa, sai ta tsufa za ta huce da ni, ranar da ta huce ina so ta tarar da wanda ya fi kyau.

Daga nan Obiora ya tambaye ni, Anti, sauran arba'in da tara suna nan dai ko? Baba Dogara ne ya nuna masa gindin mangwaro. Obiora ya je ya tsaya a bakin ramin, ya ga tulin kwalaben da na jibge, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya sansana. Ya dawo ya cire mabuɗin daga wuyansa ya ajiye kusa da kwalbar. Ya ce da na zage shi kawai, da ya shanye, amma wannan na hannun Baba ne na ƙarshe, babu wani. Ya ce wadda aka buɗe ɗin nan kwana biyu gare ta, bayan haka ta tashi daga aiki. Ya kama hannun Joanna suka tafi gidansu na Kafanchan.

Yaya, na sha. Bayan kowa ya watse na zauna ni kaɗai da ita a tsakar gida, na zuba a kofin shayin Baba. Kada ka faɗa wa matan zumuntar cocinmu. Babu zaƙi ko ɗigo, da farko har na yamutsa fuska. Sai daga baya wani ƙamshi ya taso kamar zuma da ɓawon lemo, ya daɗe a bakina bai tafi ba. Na tuna yadda nake kau da kai in ya miƙo mini kofi, in ce Baba ka tuba, shi kuma ya yi dariya ya ce to Malama. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Inabin bana ya fara nuna, tsuntsaye sun fara sauka. Ban san ranar da ake yanka ba, ban san komai ba, Obiora ne kaɗai ya sani. Sau uku ina zuwa gidansu. Joanna takan buɗe ƙofa, ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a jingine. Na wanke kwalaben nan duka na kife su a rana, ban san ma don me ba.

Don Allah kada ka jira Fabrairu. Ka zo ko da sanda ne, ka raka ni, wataƙila ya ji nauyinka ya fito. Ba sai ya yafe mini yanzu ba, ya dai zo ya duba gonar Baba. A wasiƙata ta farko na roƙe ka mabuɗi. Ga su nan biyu a hannuna, nasa da na Mama, kuma tun ranar Asabar ban iya buɗe ƙofar ba.

Ka gaida Anti Emilia. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Zipora Azariya